Fayik, Kifin Da Ake Shekaru Ana Nema, In An Kama Shi A Mayar Ruwa

Ran 16 ga watan Oktoba na 1986 wani Bajamushe mai suna Lothar Louis ya jefa fatsarsa a wani tafki da ke Greffern, kusa da kogin Rhine a ƙasar da a lokacin ake kira Jamus ta Yamma, ya jawo wani kifi wanda da aka ɗora shi bisa sikeli sai aka ga nauyinsa ya kai kilo 25, watau laba 55 da oza 1. Ƙungiyar masu fatsa ta duniya, wadda ake kira IGFA, ta shigar da sunansa cikin littafinta, kuma tun daga wannan shekara ba ta rubuta wani irinsa da ya fi shi nauyi ba.

Wanda ya saba ganin giwan ruwa a Argungu ko a tafkin Cadi zai yi mamakin abin da ya sa ake zuzuta kifi mai kilo 25, tun da giwan ruwa yana iya wuce kilo 100. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ƙasashen sanyi na Turai da Rasha da Kanada da arewacin Amurka, wannan kifi yana cikin manyan mafarautan ruwan daɗi, kuma akwai dubban mutane waɗanda ba su da wani buri a lokacin hutunsu illa su kama babbansa ko da sau ɗaya ne a rayuwarsu.

Kamanninsa Da Halinsa

Turawan Ingila suna kiransa fayik, sunan wani dogon mashi da sojojinsu na da suke yaƙi da shi. Faransawa kuwa sun ciro nasu sunan daga tsinken gashin nama. Duka biyu sun dace da shi, domin kifi ne dogo, siriri, mai tsinin kai, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa. Launinsa kore ne da ɗigo-ɗigon rawaya, ta yadda in ya laɓe cikin ciyawar ruwa da wuya ido ya rarrabe shi da ita.

Wajen haƙora sai dai a kwatanta shi da tsage. Muƙamuƙinsa na ƙasa yana da dogayen haƙora masu kaifi, dasashinsa na sama kuwa cike yake da ɗaruruwan ƙanana waɗanda suka karkata ciki, saboda haka abin da ya shiga ba ya fita. Fukafukansa na sama da na ƙasa suna can baya kusa da wutsiya, shi ya sa yake iya zabura kamar kibiya daga inda yake kwance. Ba ya son doguwar kora, kwanton ɓauna ya fi ganewa. Yana cin kifi da kwaɗi da 'yan agwagi da ɓerayen ruwa, kai har ɗan'uwansa fayik ba ya ƙyalewa in ya fi shi girma.

Irin wannan hali ya sa mutanen ƙasashen suka daɗe suna ƙaga labarai a kansa. A cikin Kalevala, littafin tatsuniyoyin gargajiya na mutanen Finlan wanda aka fara bugawa a 1835, da muƙamuƙin wani ƙaton fayik jaruminsu ya ƙera abin kiɗansu mai tsirkiya. A Jamus kuma an daɗe ana ba da labarin wani fayik da aka ce an kama a 1497 da zobe a jikinsa, wai Sarki Frederick na Biyu ne ya sa masa a 1230, watau ya shekara 267 ke nan, tsawonsa kuma ƙafa 19. An ajiye ƙasusuwansa a birnin Mannheim mutane suna zuwa kallo, sai daga baya da masana suka bincika suka tarar ƙasusuwan kifaye da yawa ne aka harhaɗa. Gaskiyar magana ita ce yawancin fayik ba sa wuce shekara 10 zuwa 15, ko da yake a can arewa mai tsananin sanyi akan sami wanda ya haura 20. Masana suna gane shekarunsa ta ƙidaya zobban da ke jikin ɓawonsa da wasu ƙasusuwan kansa, kamar yadda ake ƙidaya na kututturen itace.

Babban Fayik Mace Ce

Abu na farko da ya kamata mai neman babban fayik ya sani shi ne, abin da yake nema mace ce. Namiji da wuya ya wuce kilo 5 ko 6. Duk wanda aka ji ya kai kilo 10 ko 15 ko 20, to, tsohuwar mace ce wadda ta tsallake ƙugiya da taru da bakin 'yan'uwanta shekara da shekaru.

A Ingila in mutum ya kama mai laba 20, watau wajen kilo 9, ya shiga sahun gwanaye. Mai laba 30 kuwa mutane da yawa sukan tsufa ba su taɓa riƙe shi ba. A 1979 wani masanin tarihin fatsa mai suna Fred Buller ya buga littafi sukutum wanda ya tattara labarin fayik masu laba 35 zuwa sama da aka taɓa kamawa, da inda aka kama su, da waɗanda suka kama su. A sauran ƙasashen Turai sun fi auna tsawo, inda kifin da ya kai mita 1 shi ne abin alfahari. A lardin Manitoba na Kanada sai ya kai inci 41 kafin hukuma ta ba wanda ya kama shi lambar yabo.

Kafin mace ta kai laba 20 takan yi wajen shekara 10, ko ƙasa da haka in abinci ya wadata, ko fiye in ruwan mai tsananin sanyi ne. Da zarar ƙanƙara ta narke, tsakanin Maris da Mayu gwargwadon ƙasa, sai ta shigo bakin gaɓa inda ruwa ya malale ciyawa, maza biyu ko uku suna biye da ita, ta zuba ƙwai. Takan ɗauki ƙwai wajen 20,000 a kan kowane kilo na nauyinta, saboda haka mai kilo 10 tana iya zuba wajen 200,000 a shekara guda. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke rayuwa har su girma.

Inda Ake Samunsa

Ba kowane ruwa ke renon babban fayik ba. Gwanayen wannan sana'a sun ce abu uku ake dubawa: abinci mai maiƙo, da ruwa mai sanyi, da ƙarancin masu damunsa.

Maganar abinci ita ce ta sa manyan fayik na Biritaniya a 'yan shekarun nan suke fitowa daga madatsun ruwan sha inda hukuma ke zuba dubban kifin tirawut kowace shekara domin masu fatsa. Fayik ya sami gara, sai ya yi ta ƙiba. A madatsar Llandegfedd ta ƙasar Wales ne Roy Lewis ya kama mai laba 46 da oza 13 a 1992, wanda ya riƙe kambin Biritaniya fiye da shekara 30, har zuwa 2024 da aka fito da mai laba 47 da oza 5 daga tafkin Chew Valley kusa da birnin Bristol. Shi ma wannan tafkin na tirawut ne. A gaɓar tekun Baltik kuwa, wanda gishirinsa bai yi yawa ba, fayik yana rayuwa cikin lungunan ruwa na Suwidin da na tsibirin Rügen a Jamus, yana ƙoshi da kifin shawa mai shigowa daga teku.

A Amurka har yanzu ana tunawa da wanda Peter Dubuc ya kama a tafkin Sacandaga na Jihar New York a 1940, mai laba 46 da oza 2. Amma a wannan nahiya masu hali sun fi nufar arewacin Kanada, inda ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa suke kai su tafkuna irin su Athabasca da Reindeer da Wollaston. Can kifi ba ya saurin girma saboda sanyi, sai dai mutane kaɗan ne ke isa wurin, shi ya sa yake samun damar tsufa.

Bayan an sami ruwan da ya dace, sauran aiki shi ne sanin inda kifin yake kwance a cikinsa, wannan kuwa yana sauyawa da lokaci. A ƙarshen sanyi, bayan zuba ƙwai, manyan mata sukan tsaya a lunguna marasa zurfi masu baƙin taɓo, domin nan ne rana ke fara ɗumama ruwa. In zafi ya shigo sai su bar wa ƙanana ciyawar bakin gaɓa, su koma zurfi, ko inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa, saboda babban fayik ba ya jure ruwa mai ɗumi. Da kaka, lokacin da ganye ke zuba, sukan dawo suna bin garken ƙananan kifaye suna tara kitse domin hunturu. Mai fatsa yakan nemi gefen ciyawa, da inda ƙasan tafki ya gangara farat ɗaya, da bakin tsibiri, da gindin itacen da ya faɗa ruwa.

A kogi kuwa lissafin daban ne. Fayik ba ya son kokawa da igiyar ruwa, saboda haka sai a neme shi inda ruwa ya lafa: bayan kwana, da ƙarƙashin madatsa, da mahaɗar rafi da kogi, da wuraren ɗaure jirage inda ƙananan kifaye ke taruwa in sanyi ya tsananta. Kogin Thurne da tafkunan Norfolk a gabashin Ingila sun shahara a kan wannan tun da daɗewa.

Kayan Aiki Da Dabaru

Zaren fatsa kome ƙarfinsa haƙoran fayik suna iya datse shi, saboda haka akan ɗaura waya mai tsawon kamar rabin mita tsakanin zare da ƙugiya. Wanda ya yi sakaci da wannan ya yi hasara biyu, ya rasa kifinsa, ya kuma bar shi da ƙugiya a maƙogwaro wadda za ta iya kashe shi.

A Biritaniya da Ailan an fi kama manya da mataccen kifi. Abin mamaki, irin kifin ƙanƙaran nan na teku da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan, watau shawa da titus da sardin, su ne ƙoton da aka fi amfani da shi, ko da yake fayik na tafki bai taɓa ganinsu da rai ba. Ƙarninsu da maiƙonsu ke jawo shi, ita kuwa tsohuwar mace ta fi son abincin da ba sai ta yi gudu ba. Mai fatsa yakan jefa ƙoton ya kwanta a ƙasan ruwa, ko ya rataye shi jikin wani ɗan abu mai yawo a sama kamar totuwa, sa'an nan ya zauna cikin sanyi yana jira, wani lokaci daga asuba har magariba ba ko motsi. Mahaƙurci mawadaci.

Wasu kuma ba su iya zama, sai su yi ta jifa da kifin ƙarya suna jawowa. Akwai na ƙarfe mai kamar cokali wanda ke walƙiya cikin ruwa, akwai na itace, akwai na roba mai laushi wanda wani ya kai tsawon kamu guda ko fiye. Wani masunci ɗan Finlan mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa nasa na farko a 1936, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, yau kuwa sunansa ya zama na wani babban kamfanin kayan fatsa. A manyan tafkuna akan ja kifin ƙaryar a bayan kwalekwale mai tafiya sannu a hankali. Inda ruwa ke daskarewa, kamar Finlan da Rasha da Kanada, sai a huda ƙanƙara a zura ƙugiya ta ramin.

Daɗin daɗawa, yanzu akwai na'urorin da ke aika amo cikin ruwa su nuna zurfinsa da kifin da ke ciki a kan allo. Sababbinsu har motsin kifi suke nunawa a daidai lokacin da yake yi. Wannan ya jawo gardama tsakanin masu fatsa, wasu suna ganin in kifi ya rasa maɓoya, to, manyan ba za su daɗe ba.

Daga Kisa Zuwa Saki

A da, in mutum ya kama babban fayik sai ya caka masa ƙugiyar ƙarfe ya jawo shi, ya buge masa kai, a cusa wa fatarsa kaya a sa cikin akwatin gilashi a rataye a bango. Har yau ana ganin irin waɗannan akwatuna a tsofaffin masaukai na Ingila da Ailan. Sannu a hankali aka lura cewa duk ruwan da ya yi suna, in mutane suka yi masa ca, cikin 'yan shekaru sai manyan su ɓace.

Dalili kuwa a fili yake. Manyan kaɗan ne a kowane ruwa, kuma kafin wata ta maye gurbin wadda aka kashe sai an yi wajen shekara 10. Bugu da ƙari, su ne ke cinye ƙananan fayik suna rage yawansu. In aka kawar da su sai ƙanana su cika ruwa, su yi ta rububin abinci, babu mai girma. Da yawa daga cikin abin da aka sani game da shekaru da girman wannan kifi ya samo asali ne daga tafkin Windermere, mafi girma a Ingila, inda masana suka fara kama shi da raga suna aunawa kowane hunturu tun 1944. Jihar Minnesota ta Amurka ta ga wannan matsala da idonta, tafkunanta da yawa suka cika da tsirarun fayik, har a 2018 ta sake doka a yankin tsakiyar arewacinta, ta yarda mutum ya ɗauki guda 10, amma dole ya saki duk wanda tsawonsa ke tsakanin inci 22 da 26, kuma kada ya riƙe fiye da 2 masu wuce inci 26.

A 1977 aka kafa ƙungiyar masu fatsar fayik ta Biritaniya, babban aikinta kuwa shi ne koya wa mutane yadda za su kama kifin su mayar da shi da rai. Ƙa'idodin da ake bi yanzu su ne: a ja fatsa da wuri kafin kifi ya haɗiye ƙugiya, a ɗauko shi da babbar koma mai laushi, a kwantar da shi bisa jiƙaƙƙiyar katifa, a cire ƙugiya da dogon hantsaki, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa ana tallafe da shi har ya farfaɗo ya tafi da kansa. Duk da ban tsoron kamanninsa, fayik ba shi da juriya a hannun mutum, musamman in ruwa ya yi ɗumi, shi ya sa da yawa a Ingila ba sa nemansa sai daga Oktoba zuwa tsakiyar Maris. A kogunan Ingila da Wales ma doka ta hana kama shi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Masu kula da Chew Valley kuwa 'yan kwanaki ƙidayayyu suke ba da izni a shekara.

Sauran ƙasashe ma sun bi sahu. A 2006 Ailan ta kafa dokar da ta hana kashe fayik da ya wuce santimita 50, ta kuma ƙayyade guda 1 a rana. A 2010 Suwidin ta ƙayyade wa masu fatsa a yawancin gaɓar Baltik guda 3 a rana, masu tsawo tsakanin santimita 40 da 75 kaɗai, watau a bar ƙanana su girma, a bar manya su yi ƙwai.

Ba Ko'ina Ake Maraba Da Shi Ba

Duk da haka, ba kowa ke ƙaunar fayik ba. A yammacin Ailan, a tafkuna irin su Corrib da Mask waɗanda suka yi suna saboda tirawut, hukumar kula da kifi ta daɗe tana kafa raga domin rage shi, masu fatsar tirawut suna goyon baya, masu fatsar fayik suna kuka. An daɗe ana cewa baƙo ne da mutane suka kawo tsibirin, sai wani bincike na jami'a a Dublin da aka bayyana a 2013 ya nuna alamar cewa ya iso da kansa tun wajen shekara 8,000 da suka wuce. Wannan bai kashe gardamar ba.

Inda kuwa babu shakka baƙo ne, ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. A kudancin Alaska wasu ne suka ɗauko shi a ɓoye suka zuba a wani tafki cikin shekarun 1950, ya bazu, ya cinye 'ya'yan kifin salmon har kamun salmon ya durƙushe a rafin Alexander. A tafkin Davis na Jihar Kalifoniya sai da hukuma ta zuba guba sau biyu, a 1997 da 2007, kafin ta rabu da shi. Son kama babban kifi a kusa da gida shi ne yakan sa wasu su aikata irin wannan, jama'a kuma su biya da dukiyarsu.

Can a gidansa na asali kuma, ba ƙugiya kaɗai ke barazana gare shi ba. A 1969 wani gansakuka mai dafi ya kashe kifaye masu ɗimbin yawa a yankin kogin Thurne, aka yi shekaru kafin manyan fayik su sake bayyana. A gaɓar Baltik yawansa ya ragu ainun a wurare da dama, masana suna danganta wannan ga busar da fadamun da yake zuba ƙwai, da yawaitar wani ɗan mitsitsin kifi mai ƙaya wanda ke cinye 'ya'yansa, da ƙaruwar tsuntsaye da dabbobin teku masu cin kifi. Saboda haka a Suwidin an shiga gyara fadamu a bakin teku, ana tare ruwa a cikinsu a ƙarshen sanyi domin kifin ya sami wurin haihuwa.

Abin da masu fatsar waɗannan ƙasashe suka gane bayan doguwar hasara shi ne, kayan aiki da na'ura da sanin maɓoyar kifi duk ba su da amfani in babu kifin a cikin ruwa. Fayik mai kilo 25 sai da ta taɓa zama mai kilo 10, kuma ba ta kai inda ta kai ba sai don ta sami ciyawar da aka haife ta, da abincin da ya ishe ta, da shekarun da babu wanda ya buge mata kai. Wanda ke fatan ya karya abin da Lothar Louis ya kafa a 1986, dogaronsa yana kan waɗanda suka riga shi kama wannan kifi tana ƙarama suka mayar da ita ruwa.